A Daina Shafa Wa Tsufa Kashin Kaji

 

Akwai wani irin jirgin sama da yawancinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba, sai dai a fim ko a hoto. Cikinsa irin na kwale-kwale ne, fikafikansa suna bisa gadon bayansa, an ɗage injinansa sama don kada farfela ta taɓa ruwa. Yana sauka a teku ko a tafki, ya yi iyo kamar agwagwa, sannan ya fito da tayoyi daga jikinsa ya hau tudu. In ya so kuma ya sauka a filin jirgi kamar kowane jirgi. An ƙera irinsu da yawa a Amurka daga shekarun 1930 zuwa farkon 1950, lokacin da filayen jiragen sama ba su wadata ba, ruwa kuwa yana ko'ina. Fitattunsu su ne Catalina na kamfanin Consolidated, wanda ya yi aikin sintiri da ceto a yaƙin duniya na biyu, da kuma na kamfanin Grumman, wanda ya riƙa laƙaba wa nasa sunayen tsuntsayen ruwa: Goose, wato dinya, da Mallard, wani jinsin agwagwar daji. Har yau akwai tsiraru daga cikinsu da ke tashi.

Duk ranar da ɗayansu ya faɗi, mun san kanun labarin tun kafin a buga shi: tsohon jirgi ya yi haɗari. Mai karatu ya girgiza kai ya ce ai dole, jirgin da ya girmi kakan wani, me ake jira? Shi ke nan an rufe magana. Rigimarmu a yau da wannan jimlar take. Jimla ce mai daɗin faɗi, mai kama da bayani, alhali ba ta bayyana komai, kuma babban aikinta shi ne wanke waɗanda ya kamata a tuhuma. Shekaru ba su da hannun da za su sa a takardar gyara, ba su da ofis, ba a kai su kotu. Shi ya sa kowa yake son a ce su ne.

Kafin mu shiga shari'ar, mu yarda da abu guda: jirgin nan yana da wuyar sha'ani, domin bawan iyayengiji biyu ne. Jirgin sama yana son rashin nauyi, kwale-kwale yana son ƙwari, shi kuwa an ce ya zama duka biyun. Ruwan gishiri yana cin jikinsa ba dare ba rana. Kowace sauka a kan igiyar ruwa duka ce yake sha a ƙirji. Matuƙinsa kuma yana da tarkuna da matuƙin jirgin tudu bai san su ba. In ya manta ya sauka a ruwa tayoyi a waje, ruwan zai riƙe tayoyin, jirgin ya kifa da ka. In ruwa ya kwanta lumui kamar madubi, ido ba ya iya auna nisan da ya rage, sai mutum ya daki ruwa yana zaton da saura. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk an san shi tun ranar da aka ƙera jirgin. Ba tsufa ne ya zo da shi ba.

Mu fara da haɗarin da aka fi kafa hujja da shi.

Ranar 19 ga Disamba, 2005, da rana, wani Mallard na kamfanin Chalk's Ocean Airways ya tashi daga ruwan Miyami zuwa Bimini, ƙaramin tsibiri a Bahamas mai nisan kusan kilomita 80. An ƙera jirgin a 1947, daga baya aka sauya masa injina na zamani, aka ƙara masa kujeru. Mutum 20 ne a ciki: matuƙa biyu, fasinjoji 18, uku daga cikinsu jarirai. Akasarinsu 'yan Bimini ne da suka tsallako sayayyar Kirsimeti suna komawa gida. Bai daɗe da ɗagawa ba, a idon mutanen da ke bakin teku, fiffiken dama ya rabu da jikin jirgin, man da ke cikinsa ya kama wuta, gangar jikin ta faɗa mashigin da manyan jiragen ruwa ke bi zuwa tashar Miyami. Ba wanda ya tsira.

Jirgi mai shekara 58, fiffike ya cire a sama. In akwai inda za a ce tsufa ne, to nan ne. Amma mu bi abin da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta tarar da ta tsamo tarkacen.

Ƙarfe yana gajiya. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye a hannunsa ya san wannan ilimin, ko da bai san sunansa ba. Fiffiken jirgi ma haka yake: yana lanƙwasuwa sama in an tashi, ya dawo in an sauka, sau dubbai. Wannan jirgin ya yi sama da awa 31,000 a sararin sama, ya tashi ya sauka kusan sau 40,000. Ku raba ku gani, kowace tafiya ba ta kai awa guda ba. Gajerun zirga-zirga ne, kullum ana dukan ruwa. A irin wannan aiki tsaga za ta fito, ba makawa. Tambayar ita ce, da ta fito, wa ya gani, kuma me ya yi?

An gani. A fatar ƙasan fiffiken dama akwai tsaga mai tsawon kusan inci 16. Masu gyara sun san da ita, domin an tarar da ramukan da suka huda a jikinta. Dabara ce sananniya: a huda ɗan rami a bakin tsaga don ta tsaya. Ta ƙi tsayawa, ta wuce ramin, aka sake huda wani, ta sake wucewa, aka sake. Aka kawo faci na ƙarfe aka rufe. Tsagar da ta tsallake rami har sau da yawa magana take yi. Cewa take nauyin da ke kaina ba nawa ba ne, wani abu a can ciki ya saki. Kuma haka ne: ɗaya daga cikin haƙarƙarin da ke riƙe fatar daga ciki ya riga ya karye, nauyinsa ya koma kan fata da kan ginshiƙin fiffiken, shi ma ginshiƙin ya soma tsagewa.

Akwai shaida ta biyu, wadda ta fi ba mu haushi. A wannan jirgi, cikin fiffiken shi ne tankin mai. Sau da dama a cikin watannin da suka gabaci haɗarin, an rubuta cewa mai yana yoyo daga wannan wurin. Me aka yi? Aka kankare tsohon danƙon liƙi, aka shafa sabo. Ya sake yoyo, aka sake shafawa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tankin da ke yoyo a wuri guda sau bayan sau yana nufin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa yana motsi. Danƙon nan da ake ta labtawa shi ne ma ya lulluɓe haƙarƙarin da ya karye, ya ɓoye shi daga idon mai dubawa. Kowa a cikinmu ya san bakaniken da in ka kai masa mota tana ɗigar mai zai goge wurin da tsumma, ya shafa gam, ya ce ranka ya daɗe an gama. A mota, ƙarshenta ka tsaya a gefen titi ka nemi mai turi. A sama babu gefen titi.

Matuƙan kamfanin ma ba su yi shiru ba. Tun kafin haɗarin sun kai kuka kan yadda ake gyaran jiragen, har wasu suka ajiye aiki. Da hukumar ta fitar da rahotonta a 2007, ga inda ta ɗora laifi: tsarin gyaran kamfanin ya kasa ganowa da gyara tsagar yadda ya kamata, ita kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta kasa gano cewa tsarin gyaran ya lalace. Kamfani da hukuma. Dukansu suna da adireshi.

Mun san abin da mai gardama zai ce, kuma ba wawa ba ne. Zai ce to ai kun dawo kan maganata. Da jirgin sabo ne, da tsagar ba ta fito ba, ashe dai tsufan ne. Amsarmu ita ce, tsufa yana ƙara kuɗin kulawa, iyakar abin da yake yi ke nan. Tsohon jirgi yana buƙatar a buɗe shi a leƙa inda ba a saba leƙawa ba, a haska ƙarfensa da na'ura, a cire abin da ya gaji a sa sabo, a ajiye shi wata da watanni ba ya kawo ko sisi. Wannan lissafi ne da mai jirgi ya sani sarai ranar da ya yanke shawarar sayar da tikiti. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuɗin askin ya fi ƙarfinsa, ƙofar gidan tarihi a buɗe take. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin mace mai goyo, a shafa danƙo a kan karaya, sannan in an mutu a ce ai jirgin ne ya tsufa. Ga shi kuwa a arewacin Ostareliya, kamfanin lu'ulu'u na Paspaley ya ci gaba da jigilar ma'aikatansa daga Darwin a cikin irin wannan Mallard ɗin, sa'o'in na Miyami a shekaru, tsawon shekaru bayan 2005.

Akwai shari'ar da ta fi wannan wuya, kuma ba za mu tsallake ta don ta yi mana nauyi ba. Ranar 27 ga Yuli, 1998, wani Catalina na zamanin yaƙin duniya na biyu ya ɗauki baƙi yawon nuni a kan ruwan Southampton a kudancin Ingila, mutum 18 har da ma'aikata. Matuƙin ya sauko don ya ɗan taɓa ruwa ya sake ɗagawa. A hancin Catalina, ta ƙasa, akwai ƙofofi biyu da ke rufe ramin tayar gaba, kuma in ana gudu a kan ruwa su ne suke karɓar matsin. Ɗaya ta ɓalle. Ruwa ya danno cikin ramin da ƙarfi, jirgin ya fizge gefe, ya soma nitsewa. Mutum biyu suka rasu, ɗaya daga cikinsu magajin garin Southampton ne, Michael Andrews. Masu binciken Birtaniya suka gano cewa bututun ƙarfen da ke juya ƙofar tsatsa ta cinye shi daga ciki. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa ya zama gari.

A nan babu faci, babu danƙo, babu wanda aka kama da rufa-rufa. To ko wannan ne tsufan da ake faɗa? Ko nan ba mu sallama ba. Bututu ne da ke zaune a ramin da ruwa ke shiga kullum, a jirgin da ya haura shekara hamsin. Tsatsa a irin wannan wuri ba abin mamaki ba ce, abin jira ce. Giɓin yana cikin jadawalin dubawa, wanda bai tilasta wa kowa ya leƙa cikin bututun ba. Waɗanda suka rubuta littattafan gyaran waɗannan jirage a shekarun 1940 suna rubuta wa kayan yaƙi ne da ake sa ran za su yi 'yan shekaru a watsar. Ba su yi tunanin jikokinsu za su ɗauki magajin gari a ciki ba. Wanda ya tsawaita ran jirgi ninki goma, ya bar littafin dubawa yadda ya gada, shi ne ya bar ƙofa a buɗe. Bayan haɗarin kuwa abin da aka ba da shawara ke nan, a riƙa duba cikin bututun. Abin da za a iya rubutawa bayan mutuwa, ana iya rubuta shi kafinta.

Wani zai ce to a samu gwanin matuƙi mana, gwani yana rufe aibin jirgi. Charles Blair gwani ne na gwanaye. Janar ne a rundunar sojan saman Amurka, tsohon matuƙin Pan Am, mutumin da a 1951 ya ratsa saman ƙarshen arewacin duniya shi kaɗai a jirgi mai inji ɗaya. Shi ne mijin tauraruwar fim Maureen O'Hara, kuma shi ne mai kamfanin Antilles Air Boats a tsibiran Karebiyan. Ranar 2 ga Satumba, 1978, yana tuƙa ɗaya daga cikin jiragen Goose na kamfaninsa daga St. Croix zuwa St. Thomas, injin hagu ya fashe. Jirgin ya kasa riƙe kansa da inji guda, ya daki ruwa ya kife. Blair ya rasu tare da fasinjoji uku. Bincike ya nuna gyaran kamfanin ya yi rauni, ana wuce lokacin duba jirage, har da rubuta ƙarya a littafin awoyin tashi. Mai kamfanin da kansa ne a kujerar tuƙi. Takardar ƙarya ba ta san mai gida ba.

Sauran biyun za mu wuce su da sauri, domin a cikinsu ƙarfen ma ba shi da ta cewa. Ranar 16 ga Nuwamba, 2008, wani Goose na kamfanin Pacific Coastal ya tashi daga Vancouver a Kanada ɗauke da ma'aikata, cikin hazo, matuƙin yana tafiya da ido a ƙasa-ƙasa, ya daki tudun tsibirin Thormanby. Bakwai suka mutu, ɗaya ya tsira. Sabon jirgi fil da aka tura cikin wannan hazon a wannan tsayin, dutsen nan zai tarar. Sai kuma 26 ga Janairu, 2017, ranar bikin ƙasa a Ostareliya, a birnin Perth, inda wani Mallard ke shawagin nuni a kan kogin Swan gaban ɗimbin jama'ar da suka taru kallon wasan wuta. Matuƙin ya karkata zai juya yana ƙasa-ƙasa, gudunsa bai isa ba. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin sa da isasshen gudu, kuma in an karkata, gudun da ake buƙata yana ƙaruwa. Fiffiken ya saki, hanci ya nufi ƙasa, babu tsayin da za a farfaɗo. Shi da fasinjarsa suka rasu, aka soke bikin. Masu bincike ba su sami wata matsala a jirgin da ta jawo faɗuwar ba. Amma ku koma ku duba yadda aka ba da labarin a lokacin, za ku ga shekarun jirgin ne a sahun gaba.

Haɗari biyar ke nan, kuma ba biyu da suka yi kama: karayar da aka lulluɓe, tsatsar da ba a leƙa ba, littafin da aka yi wa ƙarya, hazon da aka kutsa, juyin da aka yi ba gudu. Duk wanda ya tattara waɗannan ya kira su da suna ɗaya, ko bai karanta ba, ko yana kare wani. Mu da muke koyon riƙe alƙalami ya kamata mu fi kowa jin ƙaiƙayin wannan, domin a hannun irinmu jimlar take fitowa. Ana rubuta ta ranar da abin ya faru, rahoton bincike kuwa sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da babu mai sauraro.

Kada kuma masoya tsoffin jirage su yi murna su ɗauka mun shiga sahunsu. Su ma muna da magana da su. Akwai masu cewa ai ƙirar da ta fi ta yanzu, ƙarfen da ba ya mutuwa, jirgin da ya tsallake yaƙi ba abin da zai same shi. Wannan soyayyar ita ce ƙanwar waccan jimlar, uwarsu ɗaya: dukansu suna kallon shekarun jirgi maimakon su kalli cikin fiffikensa. Chalk's ya daɗe yana tallar kansa da tarihi, yana alfaharin cewa yana cikin kamfanonin jiragen sama mafiya daɗewa a duniya. Fasinja yana ganin farin jirgi yana fitowa daga ruwa yana ɗiga, ya ji kamar yana cikin fim. Tarihin nan bai riƙe fiffike ba ko na daƙiƙa ɗaya.

Hukumomi su ma sun faɗa wannan tarkon ta wata ƙofar. A Amurka an yi dokokin da suka tilasta ƙarin binciken gajiyar ƙarfe a kan tsoffin jiragen fasinja, amma aka tsame ƙananan jirage masu kujeru ƙasa da 30 irin su Mallard. Wato jirgin da ya fi tsufa, ya fi shan gishiri, wanda kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da barin ƙera irinsa, shi ne aka sassauta wa. Hujjar ba ta wuce kuɗi ba: ƙaramin kamfani ba zai iya ɗauka ba. Mun ji. Amma in ba zai iya ɗaukar kuɗin binciken ba, da wane dalili zai ɗauki mutane? Ran mai kujera ta goma sha bakwai bai fi na mai kujera ta ɗari uku araha ba.

Ana iya yin abin daidai, kuma ana yi. A Duxford ta Ingila akwai wani Catalina da aka ƙera a 1943 wanda har yanzu yake zuwa bukukuwan nuni. A watan Oktoba na 2020 ya sauka a tafkin Loch Ness na Sikotilan don aikin ɗaukar fim, da aka zo tashi injin dama ya ƙi kamawa. Masu shi ba su yi ta dabara don a lallaɓa a koma gida ba. Aka jawo shi bakin ruwa, aka kawo ƙugiya aka ɗaga shi tudu, aka nemi gudummawar jama'a, aka sauke injin aka ɗora wani. Sai farkon Disamba ya tashi. Makonni shida a bakin tafki cikin sanyin Sikotilan, da kuɗi masu yawa, saboda inji guda. Jirgin nan ya girmi na Miyami da shekara huɗu.

A Miyami kuwa, da masu bincike suka gama da fiffiken dama, sai suka juya kan na hagu, wanda bai cire ba. Shi ma suka tarar da tsaga a cikinsa. Kafin shekarar ta ƙare hukuma ta hana irin waɗannan jirage tashi sai an buɗe fikafikansu an duba, wato binciken da ba a tilasta ba tsawon shekaru aka tilasta shi cikin kwana goma sha ɗaya. Chalk's bai sake ɗaukar fasinja a jirgin ruwa-da-tudu ba, kuma a 2007 aka janye masa izinin aiki. Mutanen Bimini, tsibirin da kowa ya san kowa, sun yi Kirsimetin 2005 suna bin gidajen makoki ɗaya bayan ɗaya.